Yadda Za Ka Koyi Kare Kai a Karkara Ta Hanyar Haɗa Dambe da Kokawa da Salon Zamani

Masu karatu da dama, musamman matasa daga ƙauyukan Ringim da Gaya da Ɗambatta da Birnin Kudu, sun daɗe suna maimaita tambaya guda: mutumin da yake zaune a karkara, inda babu makarantar karate ko ta judo, kuma ba shi da halin zuwa birni kullum, ta yaya zai koyi kare kansa, kuma shin zai yiwu ya haɗa dambe da kokawar da ya tashi yana gani a dandali da irin faɗan da yake kallo a waya? Zai yiwu ƙwarai, da sharaɗin a bi matakan a jere, domin yawancin waɗanda suka fara suka watsar, ko suka ƙare a wurin maɗori, sun soma ne da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, wato naushi da shuri, alhali ko faɗuwa ba su iya ba tukuna.

Mataki na 1: Nemi izini, ka zaɓi abokan horo

Kafin a zuba yashi ko a rataya buhu, je ka gaida mai unguwa da dagaci da limamin garinku, ka yi musu bayanin abin da kuke nufi, da wurin da za ku riƙa haɗuwa, da kuma lokacin. Idan akwai ofishin 'yan sanda a kusa, yana da kyau wani dattijo ya raka ka a sanar da su. Taron samari da ke koyon duka a bayan gari abu ne mai tayar da hankalin jama'a, kuma ba wuya a ɗauke ku 'yan daba ko masu shirin bangar siyasa. Ku fara da mutum huɗu ko shida, tunda kusan komai bibbiyu ake yin sa, a kuma haɗa kowa da wanda nauyinsu ya yi kusa. A samu littafi a rubuta sunan kowa, wanda bai kai shekara 18 ba kuwa sai da yardar iyayensa.

Gargaɗi: Kada ku karɓi wanda aka sani da shaye-shaye ko neman rigima, ko da ɗan'uwa ne na jini. Ranar da ya ji wa wani ciwo a kasuwa, ku za a fara nema.

Mataki na 2: Duba lafiyarka

A je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna jini. Mai hawan jini, da mai farfaɗiya, da mai asma, da mai sikila, da wanda yake da gwaiwa, kada ɗayansu ya fara sai likita ya faɗa masa iyakar abin da zai iya ɗauka. Wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafin sandarewar jiki ba, wato tetanus, ya yi ta, saboda ƙujewa a ƙasa ba za ta rasa faruwa ba. Mai makero ko ƙazuwa ya dakata har ya warke, domin kokawa jiki da jiki ce.

Mataki na 3: Shirya fili da kayan aiki

Fili shi ne abu na farko, kuma kusan kyauta ne. A nemi wuri mai inuwa, a auna kamar mita biyar a tsaye da biyar a kwance, a share, sannan a ɗauko yashin rafi a amalanke a zuba har kaurinsa ya kai taƙi guda. A tankaɗe shi da rariya don a fitar da tsakuwa da fasasshiyar kwalba da ƙusa da ƙaya, kuma a riƙa tona shi da manjagara kafin kowane atisaye, saboda yashin da aka daɗe ana takawa yana daskarewa ya yi tauri.

Buhun duka kuwa, a sa buhu biyu ko uku ɗaya cikin ɗaya, ko a ba baduku tsohon tamfol ya ɗinka, sannan a cusa masa ƙyallayen da teloli suke zubarwa, a gauraya da buntun shinkafa ko garin katako, a danna sosai, a rataye shi a reshen darbejiya mai ƙwari yadda tsakiyarsa za ta zo daidai ƙirji. Shi wannan badukun zai iya ɗinka matashin tare naushi guda biyu da soson tsohuwar katifa. Igiyar tsalle kowace igiya mai ɗan nauyi ta isa, agogon waya kuma shi zai riƙa ƙirga lokaci.

Abubuwan da dole sai an saya uku ne. Akwai robar kare haƙori, wadda ita ce mafi arha, kuma kowa da tasa, ba a aro. Ana tsoma ta a ruwan zafi kamar rabin minti, a ɗan girgije ta, a sa a baki a cije har ta ɗauki siffar haƙora. Akwai bandejin naɗe hannu mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, shi ma kowa da nasa. Sai safar damben boksin, wadda ita ce mai cin kuɗi, kuma ta gwaji da abokin horo ita ce mai lamba 14 ko 16, domin ta fi soso. Ƙafa biyu sun ishi ƙungiya duka a farko, saboda haka a yi karo-karo a saya a shagunan kayan wasanni na Sabon Gari a Kano, ko a duba wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka a taya a wuri biyu ko uku kafin a biya. Fararen kayan karate da ɗamararsu ba a bukatar su yanzu. Wando mai kauri da ya rufe gwiwa da tsohuwar riga mai ƙwari sun wadatar.

Gargaɗi: Kada a cika buhu da yashi zalla. Yashi yana taruwa a gindin buhu ya yi tauri, kuma shi ne yake targaɗa wuyan hannun masu koyo tun a makon farko.

Mataki na 4: Gina jiki na mako shida zuwa takwas

A wannan lokaci babu duka ko kaɗan. Kwana uku a mako, bayan sallar Asuba ko bayan La'asar, a fara da sassarfa ta minti goma, sai tsallen igiya minti uku a huta minti ɗaya har sau uku, sai tsugunawa da miƙewa, sai a kifa ciki a riƙa ɗaga jiki da hannuwa, a rufe da miƙa jijiyoyi. A ƙara da langa, domin ban san wani atisaye da ya fi ta koya wa mutum tsayuwa da ƙafa ɗaya alhali ana bangazarsa ba, kuma babu yaron ƙauyen da zai ce sai an koya masa.

A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Jigawa, a taƙaita ga safiya, a sha ruwa kafin a fara da kuma tsakanin zagaye. Wanda ya yi zufa da yawa ya haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ya sha. Da azumi a mayar da atisaye bayan sallar Asham, da damina kuma a rage shi, tunda noma ya riga ya ci rabin ƙarfin mutum. Abincin gida ya isa: tuwo da wake da ƙuli-ƙuli da awara da fura da nono.

Gargaɗi: Tiramol da sauran ƙwayoyin da ake cewa na ƙarin ƙarfi suna ɓoye zafin rauni ne har ya yi muni, suna kawo jijjiga, kuma suna kama mutum. Wanda aka gani da su a sallame shi.

Mataki na 5: Koyi faɗuwa da tashi

Wannan shi ne abu na farko da za a aro daga waje, daga judo ta Japan, kuma a ganina shi ne mafi amfani a rayuwar yau da kullum, domin wanda ya iya shi zai ci moriyarsa ko daga babur ya faɗo. Ka tsuguna a kan yashi, ka manna haɓarka da ƙirji, ka mirgina baya a kan gadon bayanka, a daidai lokacin da bayan ya taɓa ƙasa kuma ka buga tafukanka biyu a ƙasa, hannuwan a miƙe a ɗan nesa da cinyoyi. Haɓar da ke manne da ƙirji ita ce ke hana ƙeya buguwa. Idan ya zauna maka daga tsugune, sai ka yi daga rabin tsayuwa, sannan daga tsaye, sannan ka koma faɗuwar gefen dama da ta hagu, inda hannu ɗaya ne yake bugun ƙasa.

Tashi ma da ƙa'idarsa. Daga zaune, dafa hannu ɗaya a bayanka, ka kafa ƙafar ɗaya ɓangaren a ƙasa, ɗaya hannun yana kare fuska, sai ka ɗaga ƙugu ka janye ƙafar da ke miƙe zuwa baya ka miƙe kana fuskantar abokin karawa. A ba wannan mataki wata guda cur, sannan ya zama abin buɗe kowane atisaye har abada.

Gargaɗi: Kada ka tare ƙasa da miƙaƙƙen hannu idan za ka faɗi. A nan wuyan hannu yake karyewa, gwiwar hannu kuma ta goce.

Mataki na 6: Riƙe tushe guda

Mai yi wa mangwaro aure ba ya ɗaura reshe sai gindin ya kama ƙasa sosai, to haka haɗa salo yake. Zaɓi ɗaya tsakanin kokawa da dambe ka ba shi aƙalla wata shida. Ko zakarun da ake kallo a gidan kallo haka suka bi: Kamaru Usman ya shafe shekaru yana kokawa a makarantun Amurka kafin ya ci kambun UFC, wato gasar faɗan da ake haɗa salo daban-daban, a 2019, Israel Adesanya kuma da damben da ake haɗawa da shuri ya fara kafin ya ci nasa a wannan shekarar.

Ga mai neman kare kai, kokawa na fi ba da shawara, saboda rigimar gaske ba ta daɗewa ba a cakumi juna ba, kuma ana iya yin kokawa da dukkan ƙarfi ba tare da an bugi kan kowa ba. Da wuya a rasa tsohon ɗan kokawa ko ɗan dambe a gunduma. Ka je masa da girmamawa da ɗan goro, ka ce, "Baba, mun zo ne ka koya mana tsayuwa da kamu da taɗiya," ka kuma yarda ya gyara maka abu guda sau ɗari.

Gargaɗi: Idan aka kawo maganar tsaga a hannu don zuba magani, ka ƙi. Reza ko askar da aka yi wa wani aiki da ita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Mataki na 7: Gano ɓarakar tushenka, ka toshe ta

A nan ne ainihin haɗawar take, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin matasa sukan ɗauka tara dabaru masu yawa daga bidiyo shi ne gwaninta. Hanyar da ta dace ita ce ka tambayi kanka inda tushenka ya bar ka a buɗe, ka aro abu guda da zai rufe wurin, ka yi ta maimaita shi wata biyu kafin ka ƙara wani.

Dambe yana koyar da abubuwan da kuɗi ba ya saye: dakiya, da auna tazara da hannun da ke gaba, da haƙurin jiran lokacin kai hari. Amma hannu ɗaya ne aka ɗaure da zare kuma shi kaɗai yake naushi, yakan taso ne daga nesa ya zagayo, a lokacin kuma haɓa a buɗe take. Don haka ɗan dambe ya ari tsaron boksin: hannuwa biyu kusa da kumatu, gwiwoyin hannu a jikin haƙarƙari, haɓa a sunkuye. Sannan ya koya wa hannun gaba miƙaƙƙen naushi mai fita ya dawo ta hanya ɗaya, wuyan hannu a miƙe, babban yatsa a waje, ƙasusuwan manuniya da na tsakiya su ne masu sauka a kan buhu. Zagaye uku na minti uku-uku a kan buhu da matashin tare naushi sun isa a rana.

Ɗan kokawa kuwa ya saba shigowa a duƙe da hannuwa a buɗe, saboda ba a naushi a fagensa, kuma wannan duƙawar tana miƙa fuskarsa ga gwiwa ko dunƙule. Shi ma tsaron boksin ne maganinsa, ya shigo da hannuwa a sama, sai ya manne sannan ya nemi kamu. Bayan haka ya ari kamun riga na judo, hannu ɗaya a wuyan riga ɗaya a hannun riga, ya ja mutum ya karkata kafin ya share masa ƙafa. Wannan ya dace da mu ƙwarai, domin a fage ne kawai ake tuɓe riga, wanda zai tare ka a hanya kuwa da kaftani ko jamfa zai zo.

Akwai ɓarakar da dambe da kokawa suka yi tarayya a kanta: da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa wasa ya ƙare, alƙali ya raba. A hanya babu mai rabawa. Saboda haka a riƙa yin atisayen da mutum ɗaya zai kwanta, ɗayan ya danne shi da rabin ƙarfi, na ƙasan ya kare kansa da hannuwa, ya juya ta gefe, ya sa gwiwa tsakaninsu, ya tura, ya tashi da irin tashin mataki na biyar.

Daga karate da takwando ta Koriya, abu ɗaya ya isa a shekarar farko, shi ne shurin gaba da tafin ƙafa zuwa cinya ko mara don ture mutum baya.

Gargaɗi: Shurin kai da na juyi suna da ban sha'awa, amma mai sanye da silifas da doguwar riga a kan rairayi shi zai riga faɗuwa. Kada ƙafarka ta wuce ƙugu. Shaƙa da murɗe gaɓa kuma ba a koyon su daga waya, sai malami yana tsaye.

Mataki na 8: Gwaji da abokin horo

Sai bayan an kammala matakan da suka gabata ake fara wannan. A sa roba a baki, a naɗe hannu, a sa safa, a yanke farce, a cire zobe da agogo da laya. Zagaye minti biyu ne da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfi, kuma dole mutum na uku ya tsaya a matsayin alƙali, kalmarsa ta "tsaya" ta fi ta kowa. Wanda ya ji zafi ya bubbuga jikin abokinsa sau biyu, a sake shi nan take.

Naushi ya tsaya a jiki, kada ya hau fuska. Hani ga dukan fuska ya tabbata a hadisi, kuma likitoci sun tabbatar da cewa yawan buguwar kai yana lahanta ƙwaƙwalwa a hankali. Don koyon kare fuska, abokin horo ya riƙa miƙo buɗaɗɗen hannu a hankali wajen goshi, kai kuma kana tarewa ko kana gocewa. Zaren dambe na fage ne, ba a gwaji da shi, yara kuma su tsaya ga kokawa da langa da faɗuwa.

Gargaɗi: Wanda kansa ya bugu ya ji jiri, ko amai, ko mantuwa, ko yana ganin abu bibbiyu, ya gama na ranar, a kai shi asibiti, kada kuma ya dawo sai likita ya yarda. Targaɗe ana sa masa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga. Ba a murza shi da zafi a kwana biyun farko. Idan ana zaton karaya ce, a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar ɗori.

Mataki na 9: Atisayen kuɓuta

Manufar kare kai ita ce ka isa gida lafiya, saboda haka kowane atisaye a nan da gudu yake ƙarewa. A shata layi a nesa, a ce nan ne cikin jama'a. Abokin horo ya riƙe wuyan hannunka, ka murɗa hannun ta wajen babban yatsansa, inda riƙon ya fi rauni, ka fizge, ka ruga. Ya cakumi wuyan rigarka, ka ture haɓarsa da gindin tafin hannu, wanda ya fi dunƙule aminci ga yatsunka, ka ruga. Ya rungume ka ta baya, ka sauke nauyinka ƙasa, ka taka ƙafarsa, ka zame ta gefe. A haɗa kowanne da ihu mai ƙarfi, domin wanda bai saba ɗaga murya ba makogwaronsa yakan toshe idan tsoro ya zo.

Mata da 'yan mata sun fi kowa bukatar wannan mataki. A ware musu lokaci a cikin gida mai katanga, mace ta jagorance su, su yi atisayen da hijabi da zanen da suke fita da su, har da yadda za a zame daga hijabin idan an riƙe shi ta baya.

Ka san doka kuma. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da dokar hukunta laifuffuka ta final kod sun amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da ƙarfin da ya dace da barazanar. Wanda ya faɗi ko ya juya yana gudu, ka bi shi da duka, kai ne za ka amsa tambaya a gaban alƙali. Bayan kowace arangama a sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Gargaɗi: Idan aka zaro wuƙa ko adda saboda waya ko babur, miƙa abin ka ja da baya. Babu dabarar ƙwace wuƙa da za ka dogara da ita, haka nan maganin ƙarfe, kuma kada a taɓa gwada shi da makami a filinku. Idan sun fi ɗaya, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, nemi hanyar fita tun kafin su kewaye ka.

Mataki na 10: Samu malamin zamani mai duba ku

Bidiyo ba ya ganin kuskurenka, don haka ko sau ɗaya a wata sai an sami idon gwani. Ƙungiyoyin judo da karate da takwando da boksin suna ƙarƙashin hukumomin wasanni na jiha, kuma idan aka je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, ko hukumar wasanni a Dutse, za a nuna muku masu horarwa. Ku haɗa kuɗin mota ku tura mutum biyu da suka fi natsuwa, su koyo abu ɗaya ko biyu su dawo su koya wa saura, ko kuma ku gayyato kocin ranar kasuwar garinku, lokacin da mota ta fi samuwa, ku biya masa kuɗin hanya da abin da kuka daidaita.

Malamin kirki zai faɗi wanda ya koya masa ba tare da kwana-kwana ba, zai tambayi raunukan da kuke da su kafin ya fara, kuma ba zai raina abin da tsohon ɗan kokawarku ya koya muku ba. Wanda ya yi muku alkawarin baƙar ɗamara cikin wata uku, ko yake dukan ɗalibai don nuna isa, ku rabu da shi. Wasu makarantun suna da al'adar rusunawa kafin a fara, wadda malaman addini da yawa ba su yarda da ita ba, sai ku faɗa masa tun farko cewa musafaha za ku riƙa yi. Tsakanin zuwa da zuwa, ku ɗauki gwajinku a waya daga gefe, yadda ƙafafu da hannuwa za su fito duka, ku aika masa ko ku ajiye har ya zo, kuma duk gyaran da ya yi a rubuta shi a littafin ƙungiya a gaban sunan mai shi, a fara atisaye na gaba da shi.